Mamacin da Ya Sauka a Tashar Baga

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma ba irin na dandali ba ne. Wane mutum ne ya mutu a gaban idon jama'a, masu kallo daga Sakkwato har Damagaram suka yi jimaminsa, amma a wata unguwa ta Maiduguri yana nan da ransa, ya sha wuya ya rame, har an ga saukarsa daga mota a tashar Baga? Ba aljani ba ne, ba kuma fatalwa ba. Masu ba da labarinsa mutanen sallah da azumi ne, sun san wanda aka rufe ba ya tashi sai ranar da za a tashi kowa. Kuma ko ɗaya a cikinsu bai yi maka ƙarya ba.

Sunansa Mahmud.

Duk wanda ya bi shirin Labarina na darakta Aminu Saira tun da Arewa24 ta fara haska shi a 2020 ya san shi. Nuhu Abdullahi ne ya fito a matsayinsa, masoyin Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fara ɗaukar nauyin fitowa da ita. Ga Presdo na Isa Feroz Khan yana neman ta da dukiyarsa, ga Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa yana ƙulla wannan yana kwance waccan. Daga baya jarumin ya bar shirin, labari ya kashe Mahmud, aka ci gaba ba shi. A Kano magana ta ƙare a nan. A Old Maiduguri kuwa, a nan ta soma.

Unguwar tana cikin ƙaramar hukumar Jere, kuma ta girmi Yerwa da aka kafa a 1907 aka mai da ta mazaunin Shehun Borno. Kanuri ne da Shuwa da Hausawa a cakuɗe, Hausa ce harshen kasuwa da titi. Tun da rikici ya kori mutane daga garuruwansu ta cika ta batse da baƙi, wasu a sansanin El-Miskin, mafi yawa a ɗakunan 'yan'uwa da na haya. Goggona a can take zaune. Wata rana bayan la'asar tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba ta jefo mini magana.

"Ɗan nan, ka ji Mahmud ya iso tashar Baga?"

"Wane Mahmud, Goggo?"

"Na Sumayya mana. Ya rame ƙwarai, amma da ƙafarsa ya sauko daga mota. Saura a kai wa uwarsa rigar."

Riƙe rigar nan da kyau, mai karatu. Za mu neme ta nan gaba.

Abu na farko da zai faɗo wa duk wanda ya san Maiduguri shi ne wuta. A Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakun layin lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, ba a rufa mako ba suka sake kayar da shi. Birnin ya kusan cinye shekarar cikin duhu, har aka ga dole a gina masa tashar iskar gas tasa ta kansa mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a 2023. A tsakanin nan kuwa Labarina yana kan ganiyarsa. Ka ga lissafi ya fita sumul: talabijin ta yi shiru, mutuwar Mahmud ta wuce su, suka zauna da shi a raye kamar yadda suka bar shi. Na gabatar wa Goggo wannan hujja. Sai a lokacin ta ajiye faifai.

"Mun gani da idonmu, ɗan nan. A wayar yarinyar nan muka kalla, mai caji na bakin titi ya cika mana ita da janareto. Daren nan tuwo kwana ya yi a kwano."

Ta kwashe yadda abin ya faru a shirin ta faɗa mini, ba ta tsallake komai ba. Ashe sun san ya mutu. Sun kuma san ya iso tasha. Duka biyun a baki ɗaya.

To, ko dai wani kashi ne aka ɗauka ba a saki ba, ya zurare daga ɗakin tace hoto ya faɗo hannun masu turi? Wannan zato ba na banza ba ne, domin duk mai kallon fim a Arewa ya san shagon turi na iya riga gidan talabijin. Na nufi wani matashi mai kwamfuta da tulin wayoyi a gabansa, na tambaye shi kashin da Mahmud ya dawo. Ya duba jakar farko, ya duba ta biyu, ya girgiza kai. Ya ce duk abin da aka saki yana da shi, har da tallan zango mai zuwa, amma wannan bai taɓa ganin hotonsa ba, ko da yake an sha zuwa nemansa. Akwai kuma wata hujjar da ta fi tasa ƙarfi. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022, masu shirin ba su kashe Sumayya ba, Fati Washa suka ɗauko ta ci gaba da ita. Da suna son Mahmud ya rayu, hanyar a buɗe take, sai su ba wani jarumin. Ba su yi ba. Saboda haka babu kyamarar da ta taɓa ɗaukar saukarsa a tasha. Amma ka lura da abin da matashin nan ya faɗa: an sha zuwa nema. Ke nan ba gidan Goggo kaɗai ba ne.

Sai hankalina ya koma kan littafi. Kannywood ta daɗe tana ɗebo ruwa daga rijiyar marubuta. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, haka Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Mai yiwuwa akwai wani tsohon littafi da ke da ƙarshe dabam, wata ta karanta ta ba su. Na koma na roƙi Goggo ta ba ni labarin daki-daki, ina sauraron inda marubucin Kano zai nuna kansa. Bai nuna ba. Mahmud ɗin nata ta Monguno ya biyo, ya ratsa Gajiram da Gajiganna, a bayan motar da ta ɗauko kwalayen bandar kifi. A kowane shinge sai an sauke su an duba katin shaida, shi kuwa ba shi da kati. Yana gaida tsofaffi da Kanuri. Kuma duk tsawon labarin babu babur ko ɗaya, sai Keke Napep, alhali saurayin littafin Kano da wuya ya je zance a ƙasa. An hana babur a Maiduguri tun 2011. Wanda ya tsara wannan labari bai san garin da babur a kan titi ba.

Yaro ne ke nan. Ko yarinya. Kuma a kusa.

Kafin in kai ga mutumin, akwai zaton da nake jin kai ma ka riga ka yi, wato Indiya. Mamaci ya dawo ai sana'arsu ce. A Karan Arjun na 1995 an kashe 'yan'uwa biyu, uwarsu ta ƙi yarda sun tafi, aka sake haihuwarsu suka dawo mata. A Om Shanti Om na 2007 ma sake haihuwa ce. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa kan yadda finafinan Indiya suka ratsa labaran soyayyarmu, ga kuma fassarar Indiya-Hausa a kowace waya. Uwa mai jira, ɗa mai dawowa, komai ya yi kama. Ina ambaton sake haihuwa Goggo ta yi a'uziyya.

"Wa ya ce maka mutuwa ya yi ya dawo? Ba shi aka rufe ba. Rigarsa aka gani jina-jina a jikin wani, aka ce shi ne. Uwarsa kuwa tun ranar ta ce ba ta yarda ba. Kuka ya cinye mata ido."

Rigar ta sake fitowa. Yanzu har da ido.

Na daina tambaya, na koma gadi. Aka yi magariba. Aka yi isha'i. Yara suka share tsakar gida suka baza tabarmi. Matan maƙwabta suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, kowace da mayafinta da sallamarta. Babu talabijin a waje. Babu rediyo. Can sai jikar Goggo, ɗalibar sakandare, ta fito daga ɗaki da waya a hannu. Ta zauna a tsakiya. Ta gyara murya. Ta ce, "Feji na gaba." Tsakar gida ta yi tsit.

Ba kallo take yi ba. Karatu take yi.

Da aka watse na tare ta, ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Kawu, mu huɗu ne muke rubutawa. Kowa da ranar da take taifin, mu tura a gurup ɗinmu na WhatsApp. Wasu kuma su karanta wa iyayensu." Ga mai laifi a hannu, in laifi ne. 'Yan mata ne da suka tashi suna karanta littattafan Hausa na waya, irin waɗanda marubuta mata ke saki feji-feji a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, suka ga abin da aka yi wa Mahmud bai yi musu ba, suka ɗauki mutanen shirin suka ci gaba da su.

Ba su ne farau ba a duniya. A 1893 Arthur Conan Doyle ya gaji da jami'in bincikensa Sherlock Holmes ya jefa shi a kwazazzabon ruwa, masu karatu a Ingila suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi da cewa da ma bai mutu ba. A 1967 masoya shirin talabijin na Star Trek a Amurka suka fitar da wata 'yar mujalla mai suna Spockanalia, cike da abin da suka rubuta da kansu kan mutanen shirin, kuma daga irin wannan ne rubutun masu kallo ya bunƙasa har ya cika intanet. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Abubakar Imam ya ɗauko labaran Larabawa da na Turawa ya sa musu hula da babbar riga a Magana Jari Ce. An gano mai rubutu, an gano dangin aikin. Da nan binciken ya tsaya da na tafi gida da wuri. Sai dai da na karɓi wayar na bi fejin daga farko, na ga mutanen da ke ciki sunayensu ne kawai na shirin. Halinsu ya sauya. Wa ya sauya shi, da me aka auna?

Mai ci gaba da labarin wani ba ya kwafo mutum yadda yake. Yakan dube shi ya tambayi kansa, wannan wane iri ne a cikin mutanen da na sani tun ina goye? Sai ya zaunar da shi a gurbin da ya dace. Wani ɗan Rasha mai suna Vladimir Propp ya bi tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100 ya wallafa littafi a 1928, inda ya nuna duk yawan sunayen da ke cikinsu gurabe bakwai ne kacal ake ta cikewa. Namu guraben kakanninmu mata ne suka raba su tun kafin a haifi Propp: Gizo mai wayo da matarsa Ƙoƙi, Kura mai kwaɗayi, Dodo, ɗan sarki, 'yar bora da 'yar mowa. Na ɗauki mutanen 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa. Baba Ɗan Audu bai ba ni wahala ba, Gizo ne sak. Sun ƙara masa kwaɗayi, sun rage masa mugunta, kullum dabararsa kansa take komawa, kuma duk fejin da ya fito tsakar gida sai ta kwashe da dariya. Har sun sa shi ya shiga layin karɓar kayan agaji da katin mutum uku. Presdo ɗan sarki ne, mai doki ya zama mai mota. Sumayya 'yar bora ce ta tatsuniyar ruwan Bagaja, wadda ake tura wa wuya tana dawowa da alheri saboda ladabinta. Kowa ya shiga gurbinsa ya zauna daram.

Sai Mahmud.

Na gwada shi a Gizo, domin Gizo gwanin mutuwar ƙarya ne, yakan miƙe ya sandare don ya ci abin mutane. Amma Mahmud bai shirya mutuwarsa ba, shirya masa aka yi, kuma bai ci komai a ciki ba sai azaba. Na gwada shi a jarumin da ke tafiya ya kashe Dodo ya dawo da kai. Bai kashe kowa ba. Ko sanda bai ɗaga ba. Na gwada shi a maraya. Yana da uwa, uwar da 'yan matan suka gina masa da hannunsu, kuma feji bayan feji ita ake nunawa fiye da shi. A tatsuniya babu gurbinsa. A fim ɗin Indiya babu. To daga ina?

Ga abin da ke hannunmu, ka lissafa tare da ni. Abokansa na jiki ne suka bashe shi saboda hassada. An jefa shi a rami a daji. Wasu matafiya suka fito da shi, suka kuma miƙa shi ga wasu. An tsare shi shekaru kan laifin da bai yi ba. A tsare ɗin ma mutane na kawo masa damuwarsu. A gida an nuna riga da jini. Mahaifiya ta ce ƙarya ne. Ta yi kuka har ta daina gani.

Ka gano? Ni a daren da ya biyo baya na ji amsar, kuma ba daga bakin marubutan ba.

Akwai wata dattijuwa da ke zama a ƙarshen tabarma, jikin bango, kowa Hajja yake ce mata. Ba ta dariyar Baba Ɗan Audu. Ba ta sa baki a gardama. Yarinyar ta kai inda Mahmud ya tuɓe rigar jikinsa a tasha ya ba wani direba. Ya ce a kai wa tsohuwa. Direba ya yi sallama a ƙofar gida. Tsohuwa tana ɗaki. Ba ta gani. Ba a ce mata komai ba. Ta ɗaga kai. Ta shaƙi iska.

Hajja ta ce, "Yusufu."

Ba wanda ya waiwaya, domin kowa a tabarmar ya riga ya sani. Ƙissar Annabi Yusuf ce, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Rijiya ta zama rami a daji, ayari ya zama matafiya, kurkukun Masar ya zama ɗakin tsaro marar suna. A ƙissar, riga ta farko da jinin ƙarya ta kawo baƙin ciki, ta ƙarshe ta dawo da gani, kuma rigunan nan biyu suna nan a labarin 'yan matan. A nan dole in tsaya in gyara zance, kada a fahimce ni a karkace. Ba su ce ɗan fim Annabi ba ne, ba su kuma sa wa wani Annabi magana a baki ba, tarbiyyarsu ba za ta bari ba. Tsarin tafiyar suka ara, yadda mai wa'azi ke aro shi ya rarrashi wanda aka zalunta. Da na tambayi jikar Goggo ko da gangan suka yi, sai ta yi jim, ta ce su dai sun ga haka labarin wanda ya ɓace yake tafiya. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Borno ƙasar allo ce da tsangaya, inda ɗalibai daga ƙasar Hausa suka daɗe suna zuwa neman tilawa da kyan rubutu. Yarinyar da ta tashi a nan ta ji sura ta 12 da fassararta a tafsirin azumi tun ba ta san ma'anar rabuwa ba. Gurbin yana cikinta tun kafin a kunna mata talabijin.

Abu ɗaya suka canza, kuma shi ne ya fi kama ni. A ƙissa uba ne ke jira, Annabi Yaƙub. A nasu uwa ce. Dubi tabarmar ka ga dalili.

Hajja daga Bama ta zo, a ƙafa, lokacin da garin ya faɗi a Satumban 2014. A hanya aka rabu da ɗanta saurayi. Ba ta ga gawa ba. Ba a yi masa sallah ba, ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta arba'in ba, domin ba a yi wa mai rai, kuma ba wanda ya isa ya ce mata ya mutu. Wasu sun ce sun gan shi a daji, wasu sun ce a tsare, wasu sun ce a Kamaru. A cikin matan da ke zaune a wurin akwai wadda mijinta ne, akwai wadda ƙaninta ne, daga Baga da aka tarwatsa a Janairun 2015, daga Marte, daga Dikwa. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bayyana cewa mutum kusan 22,000 ne aka kai mata rahoton ɓacewarsu a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Waɗanda aka rubuta ke nan. Mata irin su Hajiya Hamsatu Allamin sun shafe shekaru suna tattara iyaye da matan waɗanda suka ɓace a Borno don a ji muryarsu.

Yanzu sai ka fahimci abin da ya faru a daren da tuwo ya kwana a kwano. Mai kallo a Kano da ya ga mutuwar Mahmud ya yi baƙin ciki ya karɓa, don a saninsa in an ce mutum ya mutu to ya mutu. Mai kallo a Old Maiduguri rayuwa ta koya mata wani karatun. Ta ga wanda aka yi wa ta'aziyya ya yi sallama bayan shekaru. Ta ga 'yan matan Chibok 21 sun dawo a 2016, wasu 82 a 2017, bayan an fara fid da rai. A wurinta labarin mutuwa abin bincike ne: wa ya gani, wa ya wanke, da me aka gane shi? Da wannan idon suka kalli shirin, suka ga ƙofar da marubucinsa bai san ya bari a buɗe ba. Ni a ganina wannan karatun hali ne na gaske, ya fi na masu sharhi da yawa da ke tsayawa kan wane jarumi ya fi wane iya kuka.

Inda marubutan huɗu suka rabu kuwa shi ne kan Sumayya, kuma rabuwar ta kai ga labarin ya yi reshe biyu. Tun farko sun ɗaura mata aure da Mahmud kafin ya ɓace, abin da suka ƙara da kansu, kuma da dalili. Suna son hukuncin matar da mijinta ya ɓace ya hau kanta, kamar yadda ya hau kan yayyensu da ƙannen iyayensu. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, irin wannan mace takan kai magana gaban alƙali, a bincika, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan aure ya halatta gare ta. Biyu daga cikinsu suka ce Sumayyar da suka sani ba za ta taka kotu ba, za ta jira ko shekara ashirin ce. Sauran biyun suka ce wannan zalunci ne da sunan soyayya, yarinya ce da ƙuruciyarta, shari'a ta ba ta hanya, kuma mai haƙuri ba ita ce wadda ta ƙi karɓar sauƙin da Allah ya yi mata ba. A reshensu Presdo ya tashi daga ɗan sarki mai taƙama ya zama wani mutum da tatsuniya ba ta san shi ba amma unguwar ta san shi sarai: miji na biyu, wanda ya auri mace da sanin cewa rabin zuciyarta na kan hanya, yake kuma kai wa tsohuwar surukarta cefane. Matan tabarma sun fi yin gardama kan wannan fiye da komai. Ni reshe na biyu na fi so, domin ya fi tausayin masu rai.

Akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, yara su koma kan littattafan makaranta. Akwai masu cewa satar fasaha ce. Na biyun ba su da hujja mai ƙarfi, ba a sayar da feji ɗaya ba, kuma duk wadda ta saurara sai ta ƙara son shirin na asali. Damuwar da na ɗauka da nauyi ita ce ta uku: kada a riƙa shayar da tsohuwa begen da ba shi da tushe. Na kai wa jikar Goggo wannan, na kuma haɗa da tambayar da ta rage mini. Daga tashar Baga zuwa unguwar tafiyar Keke Napep ce. Me ya sa an yi feji da yawa Mahmud bai ƙaraso ba? Yau a tsare shi kan kati, gobe zazzaɓi ya kwantar da shi a masallacin tasha, jibi ya tsaya taimakon wani yaro da ya ɓata.

"Kawu, mun rubuta shigowarsa tuni, yana nan a ajiye. Hajja ce ta ce kada mu karanta tukuna. Ta ce ta san labari ne, ba ta ruɗe ba. Amma a bar shi a tasha, nan ne kusa."

Wannan ya ishe ni amsa kan damuwa ta uku. Matar da ta san bambancin feji da gaskiya har take ba marubuta umarnin inda za su tsaya, ba a yaudare ta ba.

Kira na ga marubutan Kannywood da masu shirya dogon zango ne. Daɗin Kowa ya taɓa gwada taɓo rayuwar waɗanda rikici ya shafa, kuma jama'a sun karɓa. Har yanzu akwai wurin shiri guda cikakke kan gidan da ke jiran wanda ya ɓace, da uwarsa, da matarsa, da mijin da ya zo daga baya. Masu iya rubuta shi suna nan a Jere da Gwange da Bulabulin suna taifin da babban yatsa a wayar da gilashinta ya tsage. Ku zo ku neme su, ku zauna da su, ku sa sunansu a allo, ku biya su haƙƙinsu. Kai kuma mai karatu, in akwai naka da ya ɓace a rikicin nan ba a kai sunansa ko'ina ba, ofishin Red Cross a Maiduguri yana karɓar irin wannan rahoto don neman dangi, kuma ba a biyan ko kobo.